Shaidar Baƙon Inji

Akwai wani layi guda na yaren C da ɗaliban kimiyyar kwamfuta suka daɗe suna kwafa daga allo zuwa littafi. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗauko haruffa ɗaya bayan ɗaya daga fayil, yana zuba kowanne a wani ɗan gurbi mai suna `char`, har sai ya ci karo da alamar da ke cewa fayil ya ƙare. Alamar nan lamba ce, -1. A kwamfutar da ke ɗauke da furosesar Intel ko AMD, layin yakan yi aikinsa ya tsaya inda ya kamata. Idan aka ɗauke shi, ba a sauya ko waƙafi ba, aka kai shi kan Raspberry Pi mai furosesar ARM da Linux, sai ya karanta fayil ɗin har ƙarshe, ya ci gaba da karanta babu, ba ranar tsayawa. Dalili kuwa, a gidan farko `char` yana ɗaukar lambobi daga -128 zuwa 127, a gida na biyu daga 0 zuwa 255. Da -1 ta shiga gurbin sai ta rikiɗe ta koma 255, alamar da ake jira kuma ba za ta taɓa bayyana ba.

Babu wanda ya karya doka a nan. Tun da hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta fitar da dokokin yaren C a 1989, an bar wa kowane gida ya zaɓi irin `char` ɗin da ya fi masa sauƙi, kowa kuma ya zaɓa. Abin ma bai tsaya ga furosesa kaɗai ba: kwamfutocin Apple na yanzu ARM ce a cikinsu, amma kamfanin ya bi zaɓin da aka saba da shi a gidan Intel. Rikicin ya ishi masu kula da zuciyar Linux har suka yanke hukunci, daga fitowa ta 6.2 a Fabrairun 2023, cewa a cikin rubutunsu `char` ba ya sauka ƙasa da sifili ko a wane inji ne. Sai da suka shekara 30 da ɗoriya kafin su kai ga wannan matsayar, su da babu wanda ya fi su sanin bambancin injina.

Abin da ya kamata ya tayar da hankali a labarin layin nan shi ne ya harhaɗu lami lafiya. Kamfaila ta karɓe shi, in ta matsa ta yi ɗan gargaɗin da ba wanda ya karanta, ta miƙa manhajar da za ta sandare a hannun mai amfani. Saboda haka injiniyan da ya wayi gari da jan rubutu a allonsa, manhajar da jiya ta harhaɗu a kwamfutarsa yau ta ƙi harhaɗuwa a wani injin, ya fi ɗan'uwansa sa'a. An gaya masa aibin kayan tun ba su bar shago ba. Yawancin masu sana'ar ba haka suke kallon lamarin ba. Sukan ɗauki baƙon injin a matsayin mai taurin kai, su shiga neman hanyar rufe masa baki, kuma daga wannan ɗabi'ar ce mafi yawan asarar ke fitowa.

Ga wanda ba fanninsa ba ne, ga yadda abin yake. Furosesa ba ta jin C ko Rust ko wani yaren da ɗan'adam ke rubutu da shi. Umarni na lambobi take ji, kuma kowace zuriya da nata harshen: x86 na Intel da AMD, ARM da ke cikin kusan kowace wayar hannu, RISC-V, sai POWER da s390x na IBM. Kamfaila ita ce tafintar da ke tsakani. Tana karɓar rubutun tushe ta juya shi zuwa harshen injin da aka nufa, wannan juyin ne ake kira harhaɗawa. A ƙa'ida rubutu ɗaya ya isa, tafinta kawai za a sauya. A aikace kuwa, mai rubutu yakan zuba zato iri-iri cikin aikinsa ba tare da ya san zato ba ne: faɗin lamba, yadda ake jera ta a ma'ajiya, umarnin da furosesa ta iya da wanda ba ta iya ba.

An daɗe babu mai tona wannan zaton, domin kwamfutar tebur, da ta cinya, da uwar garken da ke ɗaki mai sanyi, kusan duka x86 ne. Kifin rijiya bai san da kogi ba. Sai wayoyi suka cika duniya da ARM, Raspberry Pi ta fito a 2012, Amazon ya fara ba da hayar kwamfutoci masu furosesarsa ta Graviton a 2018, Apple ya sauya sheƙa daga Intel zuwa M1 a Nuwamban 2020. RISC-V, wadda aka fara zanawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, ta shiga jerin injinan da Debian ke tallafa wa a hukumance a fitowa ta 13, cikin Agustan 2025. Yau injiniya na rubutu a kan zuriya ɗaya, ana gwaji a kan wata, kaya su sauka a kan ta uku. Ranar wanka ta zo.

A wane zango aka tsaya?

Kuskuren farko da ake yi shi ne karanta saƙon ƙarshe. Idan aka ba kamfaila izinin harhaɗa fayil 8 ko 16 a lokaci guda, kamar yadda kowa ke yi don sauri, saƙonninsu kan cakuɗe, layin da ke ƙasan allo kuma sanarwar rasuwa ce kawai, ba ya faɗin cutar. Cutar tana can sama, wani lokaci ɗaruruwan layuka baya. Mai haƙuri yakan maimaita aikin da fayil ɗaya-ɗaya, ya nemo ƙorafin farko, ya ajiye sauran gefe, domin galibinsu 'ya'yan na farkon ne. Daga nan sai ya tambayi kansa a wane zango tafiyar ta tsaya.

Wani lokaci ko fara harhaɗawar ba a yi ba. Manhajoji masu ɗimbin yawa na tafe da wasu fayiloli biyu, `config.guess` da `config.sub`, waɗanda aikinsu shi ne su dubi injin su faɗi sunansa. Manhajar da aka naɗe kafin haihuwar ARM mai bit 64 ko RISC-V ba ta da sunayensu a rajistarta, sai ta ce ba ta gane baƙon ba, ta ƙi buɗe ƙofa. Wannan ne ciwo mafi arha. A sauya fayilolin biyu da sababbi, shi ke nan.

Wani lokaci kuma kamfaila ce ke ƙin wani umarni kamar `-mavx2`, ko ta ce ba ta ga `immintrin.h` ba. Waɗannan kayan gidan x86 ne zalla. Ma'anarsu ita ce wani, a wata shekara, ya so manhajar ta yi gudu, sai ya sauka daga yaren kowa ya yi wa furosesar Intel magana da harshenta kai-tsaye. Yin haka ba laifi ba ne. Manhajojin bidiyo da na ɓoye sirri da na manyan lissafi ba sa rayuwa sai da shi. Laifin shi ne rashin barin hanyar ƙasa, wato sigar aikin da aka rubuta da yare gama-gari, mai tafiyar hawainiya amma mai isa ko'ina. Inda aka bar ta, gyaran bai wuce layi biyu ba. Inda ba a bari ba, sai a koma ga ayyuka irin su SIMDe da sse2neon, masu juya umarnin Intel zuwa takwarorinsu na ARM, ko a zauna a sake rubutu.

Zangon da ya fi rikita sabon hannu shi ne na ɗinki. Kowane fayil ya harhaɗu, aka zo haɗe su wuri guda, sai maɗinkin ya ce ya ga an ambaci `__atomic_fetch_add_8` amma bai san inda yake ba. Mai rubutun zai rantse bai taɓa rubuta wannan sunan ba, kuma gaskiyarsa. Abin da ya rubuta shi ne a ƙara wa wata lamba mai bayit 8 a bugu ɗaya, kada wani ya tsoma hannu a tsakiya. Furosesar x86 mai bit 64 na da umarni guda na yin haka. Tsofaffin ARM da MIPS da PowerPC masu bit 32 ba su da shi, sai kamfaila ta tura aikin ga wani laburare mai suna libatomic, wanda ba a gayyato shi zaman ba. Maganin kalma ɗaya ce, `-latomic`. Sai dai saƙon na ɗauke da labarin da ya fi maganin daraja: abin da mai rubutu ya ɗauka kyauta ne, a wannan injin da kulle da jira ake biyansa, kuma idan manhajar ta dogara da saurinsa, gara a sani tun yanzu.

Akwai kuma abin da ake kai ƙararsa da sunan gazawar harhaɗawa alhali ba ita ba ce. Injiniya ya naɗe manhajarsa da Docker a kan MacBook mai M1, ya tura ta uwar garke mai Intel, ta ƙi ko motsi. An harhaɗa ta daidai, amma don wani inji daban. Ƙanen wannan shi ne `-march=native`, umarnin da ke ce wa kamfaila ta yi amfani da duk abin da furosesar da take kai ta iya. A sabuwar kwamfuta hakan na nufin AVX2, wanda Intel ta fito da shi a 2013. Cikin kwamfutocin cinya 'yan gwanjo da suka cika ofisoshi da makarantu daga Kano zuwa Damagaram, wasu sun girmi wannan shekarar, wasu kuma ƙaramar Celeron ce a cikinsu da ba a sa mata AVX2 ba. Manhajar na buɗewa sai ta faɗi, furosesa ta ce an ba ta umarnin da ba ta sani ba. Zuriya ɗaya ce, amma kaka bai iya karin maganar jikansa ba.

Inda halin injiniya ke bayyana shi ne bayan an gano ƙorafin. A ce kamfaila ta koka cewa ana ƙoƙarin cusa adireshin ma'ajiya cikin `int`. A injin bit 32 duka biyun bayit 4 ne, sun shekara suna shiga juna tsaf. A injin bit 64 adireshi ya koma bayit 8, `int` na nan a 4. Akwai ɗan rubutu na tilastawa da ake sakawa a baka biyu, mai ce wa kamfaila ta yi shiru, mai aikin ya san abin da yake yi. Takan yi shirun kuwa. Rabin adireshin ya zube a hanya, manhajar za ta yi aiki duk ranar da aka dace adireshin ƙarami ne, ta faɗi ranar da ba a dace ba, a hannun wanda bai ji ba bai gani ba. `long` ma ba mafaka ba ne: a Linux mai bit 64 bayit 8 ne, a Windows mai bit 64 bayit 4, a kan furosesa ɗaya tak. Tun 1999 yaren ya tanadi `uintptr_t` da `int64_t` domin wannan, ƙiwuya ce kawai ke hana amfani da su.

Wata dabarar ta fi wannan wayo, shi ya sa ta fi ta haɗari. Mai gyara ya rubuta sharaɗi: in injin x86_64 ne a yi kaza, in ba shi ba a yi kaza. A ransa "in ba shi ba" na nufin tsohuwar Intel mai bit 32, domin su biyun ya sani. Da ARM mai bit 64 ta zo sai ta faɗa rukuni na biyu, aka yi mata ɗinkin yaro. Wanda ya zo gyara ya ƙara sunan ARM a sharaɗin ya yi gaba; RISC-V ta zo ta faɗa ramin, LoongArch ta ƙasar Sin ta biyo sawu. Tambayar ce gurguwa tun farko. Halin injin ake bukata, wato faɗin adireshinsa da yadda yake jera lamba, kuma kamfaila na da amsar kowanne in aka tambaye ta. Inda ya zama dole a jero sunaye, reshen ƙarshe ya kamata ya zama `#error`, wato ƙin harhaɗuwa da gangan, da saƙon da ke cewa ba a san wannan injin ba tukuna. Injiniyan da ya rubuta haka ya yi wa na bayansa sadaka.

Shi ya sa matakin da masu GCC suka ɗauka a fitowa ta 14, cikin Mayun 2024, ya cancanci yabo duk da ƙurar da ya tayar. Kiran aikin da ba a gabatar da shi ba abu ne da dokar 1999 ta soke, amma ya shekara 25 gargaɗi kawai ake yi masa. A irin wannan hali kamfaila kan yi zaton aikin `int` zai dawo da shi. In adireshi ne ya dawo a injin bit 64, sai a datse rabinsa. GCC 14 ta mayar da gargaɗin ƙin karɓa. Tsofaffin manhajoji da dama suka daina harhaɗuwa dare ɗaya, masu kula da Fedora da Gentoo da Debian suka sha aiki. Amma ba GCC ce ta karya manhajojin ba, da karayarsu suke yawo. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Waɗanda ba sa ihu

Wasu bambance-bambancen ba sa ko tsayar da kamfaila. Mafi tsufa shi ne na jerin bayit. Lambar da ta ci bayit 4, ta wane kai za a fara ajiye ta, ƙarami ko babba? x86 da RISC-V da ARM yadda aka saba tafiyar da ita daga ƙarami suke farawa. Manyan injinan IBM na s390x, waɗanda bankuna ke ji da su, daga babba. Lamba 1 da aka rubuta a fayil a gida ɗaya, in aka karanta ta a ɗayan ba tare da juyi ba, 16,777,216 za a gani. A 1980 wani masani mai suna Danny Cohen ya laƙaba wa ɓangarorin biyu sunayen da ya aro daga labarin Gulliver na Jonathan Swift, inda ƙasashe biyu suka gwabza yaƙi a kan ta wane kai ake fasa dafaffen ƙwai. Sunan ya bi su har yau, yaƙin ma bai ƙare ba.

Sai girman shafi. x86 na yanka ma'ajiya shafi-shafi na kilobayit 4, manhajoji da yawa kuma sun rubuta 4096 a jikinsu kamar wata dokar halitta. Furosesoshin Apple da kilobayit 16 suke aiki, haka ma Raspberry Pi 5 yadda take fitowa, kuma daga 1 ga Nuwamban 2025 Google Play ya shardanta wa sababbin manhajojin Android su iya da shafi mai 16.

Na ukun ya fi su duka zurfi. Idan zare biyu na aiki suna gudana a kawuna biyu na furosesa, ɗaya ya ajiye saƙo sannan ya ɗaga tuta cewa saƙo ya sauka, x86 ta yi alkawarin cewa wanda ya ga tutar zai ga saƙon. ARM ba ta yi wannan alkawarin ba. Tana da izinin sauya jerin ajiyar don sauri, sai in mai rubutu ya kafa shinge da bakinsa. Manhajar da ta manta shingen kan shekara goma tana aiki a Intel ba tare da tangarɗa ba, ta koma ARM ta riƙa faɗuwa jefi-jefi, ba a san dalili ba. Girman matsalar ya sa Apple ya gina wa M1 wani yanayi na musamman da take kwaikwayon alkawarin Intel, domin Rosetta 2 ta iya tafiyar da tsofaffin manhajoji. Kamfani mai wannan ƙarfi ya ga ya fi sauƙi ya sauya ƙarfe da ya jira duniya ta gyara rubutunta.

Wa zai yi askin?

A Fabrairun 2021 masu kula da cryptography, ɗaya daga cikin laburaren Python da aka fi dogara da su wajen ɓoye sirri, suka fitar da siga ta 3.4, wadda ta shigo da yaren Rust cikin harhaɗawarta. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa daga kuskuren sarrafa ma'ajiya suke, irin wanda C ke bari ya wuce, Rust kuma ke tarewa. Sai dai kamfailar Rust a kan LLVM take tsaye, LLVM kuwa a lokacin ba ta jin harshen Alpha, ko PA-RISC, ko Itanium, ko m68k. Michał Górny na Gentoo ya kai kuka cewa matakin zai tilasta musu yin watsi da waɗannan injinan. Masu laburaren, Alex Gaynor da Paul Kehrer, ba su ja da baya ba.

Su ne da gaskiya. 'Yan sa-kai ne da ke tsaron ƙofar miliyoyin mutane, ba su taɓa yin alkawarin tallafa wa injinan da ba su mallaka ba, ba su da inda za su gwada aikinsu a kai. Gaskiya ne cewa tsofaffin injina na da amfani ko ga wanda bai taɓa ganinsu ba: SPARC na faɗuwa nan take idan aka karanta lamba daga adireshin da bai daidaita ba, injin da ke fara jeri daga babban kai na tona duk wanda ya yi zaton akasin haka. Shaidu ne masu tsada. Amma kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Mai son a ci gaba da lissafa injinsa sai ya kawo injin da za a riƙa gwaji a kai, da mutumin da zai amsa in abu ya karye. Masu son m68k, zuriyar Motorola ta 1979, haka suka yi: suka zauna suka koya wa LLVM harshenta, aikin ya shiga fitowa ta 13 a 2021. Itanium, wadda Intel ta daina fitarwa a wannan shekarar, ba ta sami masu tsaya mata isassu ba, aka cire ta daga Linux 6.7 a farkon 2024.

Sai dai wannan ma'aunin na da lauje cikin naɗi, domin yana auna ƙarar murya ne. Masu Alpha ba su da yawa, amma injiniyoyi ne, sun san inda ake kai ƙara, sun iya Turancin da ake kai ta da shi. ARM mai bit 32 akasin haka take. Ƙananan wayoyin Android masu ram ɗin gigabayit 1 ko 2, irin waɗanda suka cika kasuwannin Afirka, da yawansu da babbar manhaja mai bit 32 suke fitowa ko da furosesar ta iya 64, don tattalin ram. Masu su ba sa rubuta rahoton kuskure. Injiniyan banki ko na manhajar asibiti da harhaɗawar `armeabi-v7a` ta ƙi masa, ya goge layin daga jerin don ya tashi aiki da wuri, ba zai ji kukan kowa ba. Abin da zai faru shi ne mai shago a Gusau ko Maraɗi ya nemi manhajar a Google Play a ce masa ba ta dace da wayarsa ba, ya ɗauka wayar ce ta tsufa. An yanke hukunci a kan wanda zai iya tura kuɗi da wanda ba zai iya ba, kuma an yanke shi ne a matsayin gyaran ƙaramar matsalar harhaɗawa. Google Play na nuna wa mai manhaja irin na'urorin da ke ɗauke da ita. Kafin a goge layin, wajibi ne a duba wannan alƙaluman, kuma wanda ke da alhakin abokan hulɗa ya san da maganar.

Debian ta nuna yadda ake ɗaukar nauyin irin waɗannan injinan. Tsarin Unix na ƙirga lokaci da daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun 1 ga Janairun 1970. A gurbi mai bit 32 ƙirgar na cika a 2,147,483,647, wato ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan nan agogo zai koma Disambar 1901. Ba sai an jira ranar ba, domin bashin shekara 15 da aka bayar yau ya riga ya tsallake ta. Linux 5.6 a 2020 da glibc 2.34 a 2021 suka share hanyar faɗaɗa `time_t` zuwa bit 64 a injinan bit 32. A 2024 Debian ta bi ta: ta sake harhaɗa manhajojinta na ARM mai bit 32, ta sauya wa ɗaruruwan laburare suna da ƙarin `t64`, domin tsohuwar manhaja da sabon laburare kada su haɗu suna auna lokaci da mudu biyu. An yi watanni ana fama da abubuwan da suka ƙi harhaɗuwa. Tsohuwar Intel mai bit 32 kuwa aka bar ta yadda take, bisa hujjar cewa amfaninta yanzu shi ne tafiyar da tsofaffin manhajojin da ba za a sake harhaɗawa ba. An tallafi ɗaya an saki ɗaya, amma kowanne da dalilinsa a rubuce, a bainar jama'a.

Samun shaida na biyu ba ya da tsada yanzu. Tun Janairun 2025 GitHub ke ba ayyukan da rubutunsu ke buɗe injinan gwaji na ARM kyauta. Gonar injina ta GCC na ba masu manhajar 'yanci damar shiga POWER da SPARC da RISC-V daga nesa. QEMU na iya mayar da kwamfutar cinya s390x na ɗan lokaci, a hankali dai, amma ya isa a kama kuskuren jerin bayit da na `char`. Abin da ba a dogara da shi ya kama ba shi ne shingen da aka manta, domin ARM ɗin da ake kwaikwaya a kan Intel tana cin gajiyar alkawarin Intel ne a ƙarƙashi, gwajin zai wuce lafiya alhali ciwon na nan. Wanda manhajarsa ke da zare fiye da ɗaya sai ya nemi ARM ta gaske, ko da Raspberry Pi ce a gefen firinta, ya bar gwajin yana maimaituwa har gari ya waye.